Yadda zafi ke faɗaɗa abubuwa, da dalilin kumburar ruwa idan ya daskare

A ranar 19 ga watan Yulin shekarar 2022, zafi a Birtaniya ya kai digiri 40.3 a ma'aunin Celsius, karo na farko ke nan da ya haura 40 tun da aka fara ajiye lissafi a ƙasar.

Ga mazaunin Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai dai, wannan zafin watan Afrilu ne da aka saba da shi. Amma a can sai da hukumomi suka dakatar da zirga-zirgar jiragen ƙasa a wasu manyan layuka, suka kuma umarci sauran jiragen da su rage gudu, saboda fargabar cewa ƙarafan dogo za su lanƙwashe.

Dalili kuwa shi ne, ƙarfe yana ƙara tsawo idan ya yi zafi. Haka ma kankare da gilashi da man fetur da iska, kai har kusan duk wani abu da ɗan Adam ke amfani da shi. Idan kuma ya huce, sai ya tsuke ya koma yadda yake.

Ruwa ne ya fita daban. Yana bin wannan doka har zuwa wani matsayi, daga nan sai ya saɓa mata, ya kumbura a daidai lokacin da ake sa ran ya tsuke.

Abin da ke faruwa a cikin ƙarfe

Masana kimiyya sun tabbatar da cewa kowane abu an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya iya gani, wato ƙwayoyin zarra. Ko a cikin guntun ƙarfen da ke ajiye shiru, waɗannan ƙwayoyi ba a tsaye suke cik ba. Kowace tana karkarwa a gurbinta, kuma abin da ake kira zafi shi ne ƙarfin wannan karkarwa.

Tsakanin kowace ƙwaya da maƙwabciyarta akwai ja, akwai kuma turi. Idan suka yi nisa da juna sai su jawo juna, idan suka matsu sai su ture juna. To sai dai turin ya fi jan ƙarfi nesa ba kusa ba. Saboda haka idan zafi ya ƙaru, karkarwar ta tsananta, ya fi wa ƙwayoyin sauƙi su ja da baya a kan su kutsa cikin juna. Tazarar da ke tsakaninsu sai ta ɗan ƙaru, kuma da yake yawansu ya wuce lissafi, wannan 'yar tazara takan taru ta zama tsawon da za a iya aunawa.

Ƙwayoyin su kansu ba sa girma, kuma nauyin abin ba ya ƙaruwa. Wuri kawai yake ƙara ci.

Sandar ƙarfe mai tsawon mita 1 tana ƙara kimanin milimita 0.012 a kowane digiri guda. Abin kamar ba shi da yawa, amma idan dogon jirgi mai tsawon kilomita 1 ya ƙara zafi da digiri 30, tsawonsa zai ƙaru da santimita 36. Goran ruwa, wato alminiyam, yana faɗaɗa kusan ninki biyu na haka, jan ƙarfe kuma yana tsakaninsu.

Wannan ne ya sa kwanon rufi ke ƙara ƙas-ƙas da hantsi da kuma bayan faɗuwar rana: yana miƙewa ne ko yana tsukewa, ƙusoshi suna riƙe da shi.

Wani abin da kan rikita ɗalibai shi ne rami. Idan aka huda faifan ƙarfe aka gasa shi, ramin buɗewa yake yi tare da faifan, ba ya tsukewa. Da wannan dabara ce makanikai kan dumama zoben ƙarfe kafin su zura shi a kan sanda, idan ya huce ya kama ta gam. Ita ce kuma ke sa murfin ƙarfen da ya ƙi buɗuwa a kan kwalba ya saki idan aka zuba masa ruwan zafi, tun da ƙarfe ya fi gilashi saurin faɗaɗa.

Gadoji, dogo da wayoyin lantarki

Hasumiyar Eiffel da ke birnin Paris, wadda aka kammala a 1889, takan ƙara tsawo da abin da ya kai santimita 15 a lokacin zafi. Ita dai ba ta da matsala, domin sama a buɗe take gare ta. Matsalar tana ga abin da aka ɗaure ta kai da ƙafa.

Shi ya sa ake barin giɓi a jikin gadoji, a rufe shi da haƙoran ƙarfe masu shiga cikin juna, waɗanda direba ke jin ƙararsu a ƙarƙashin taya. Gadar Third Mainland ta Legas tana da tsawon kilomita 11.8. Da a ce guntu ɗaya ce tun daga farko har ƙarshe, sauyin digiri 10 kawai zai sa tsawonta ya sauya da fiye da mita guda. Sauya irin waɗannan mahaɗai da suka lalace na cikin dalilan da suka sa aka rufe wani ɓangare nata na tsawon watanni daga Yulin 2020.

A dogon jirgi na da, akan bar ɗan giɓi ne tsakanin kowane ƙarfe da na gabansa, abin da ke haifar da ƙarar nan da aka san jirgin ƙasa da ita. A na zamani kuwa, ana haɗe ƙarafan da walda su zama guda, a ja su, sannan a ɗaure su tamau a kan matasansu. Injiniyoyi kan zaɓi wani ma'aunin zafi wanda a kansa ne ƙarfen zai zauna ba ja ba matsi. A Birtaniya digiri 27 aka zaɓa, alhali ƙarfen da ke cikin rana kan fi iskar da ke kewaye da shi zafi da kimanin digiri 20. Ƙasashe masu zafi sukan zaɓi ma'aunin da ya fi haka, shi ya sa digiri 40 ba ya tayar musu da hankali. Wani lokaci a Birtaniyar akan shafa wa dogo farin fenti domin rage zafin da yake sha.

Wayoyin lantarki ma sukan yi tsawo su sunkuyo idan suka ɗauki zafi, ko daga rana ko daga yawan wutar da ke bi ta cikinsu. A ranar 14 ga watan Agustan 2003, wasu manyan wayoyi a jihar Ohio ta Amurka sun sunkuyo har suka taɓa bishiyoyi, lamarin da ya haɗu da matsalar kwamfuta a ɗakin kula da wutar, ya jefa mutane kimanin miliyan 50 cikin duhu a Amurka da Kanada.

Jirgin sama samfurin Concorde, wanda ya daina aiki a wannan shekarar ta 2003, yakan ƙara tsawo da santimita 15 zuwa 25 idan yana gudun da ya ninka na sauti sau biyu, saboda zafin da gogayya da iska ke haifarwa.

Akwai kuma wani dace da duk mai gini ke cin moriyarsa ko da bai sani ba. Kankare da ƙarfe suna faɗaɗa kusan daidai da juna. Ba don haka ba, da rodin da ke cikin ginshiƙi ya riƙa tsattsage simintin da ke lulluɓe da shi a kowace bazara.

Gilashi da agogo

Kofin gilashi mai kauri kan fashe idan aka zuba masa tafasasshen ruwa, saboda cikinsa ya faɗaɗa nan take, bayansa kuma bai kai ga jin zafin ba. A ƙarshen ƙarni na 19, Otto Schott a garin Jena na Jamus ya haɗa wani nau'in gilashi mai sinadarin boron, wanda faɗaɗarsa ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku ta gilashin da aka saba ba. Da shi ake yin kwalaben ɗakin gwaje-gwaje, kuma a 1915 kamfanin Corning na Amurka ya fito da irinsa a kasuwa da sunan Pyrex.

Maƙera agogo sun riga injiniyoyin gada shan wannan wahala. Agogon bango mai lilo yana dogara ne da tsawon sandar lilonsa. Idan ta ƙarfe ce, ƙarin digiri guda kan sa agogon ya yi latti da kimanin rabin daƙiƙa a yini. A teku kuwa, inda matuƙa ke gane inda suke ta hanyar agogo, kuskuren daƙiƙa 4 daidai yake da ɓatan kusan kilomita 2 a yankin tsakiyar duniya.

John Harrison, wani kafinta ɗan Ingila da ya koya wa kansa ƙirar agogo, ya yi maganin abin ta hanyar sa ƙarafa iri biyu su soke faɗaɗar juna. Daga baya ya manna ƙarafa biyu masu bambancin faɗaɗa baya da baya, ta yadda idan zafi ya ƙaru sai su lanƙwasa zuwa gefe guda. Wannan 'yar dabara ta ƙarni na 18 ita ce har yau ke kashe dutsen guga da butar lantarki idan sun kai zafin da ake so.

A 1896 kuma Charles Édouard Guillaume, ɗan ƙasar Suwizalan, ya gano cewa idan aka haɗa baƙin ƙarfe da kashi 36 cikin 100 na sinadarin nikel, akan sami ƙarfen da faɗaɗarsa ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma ta sauran ba. An sa masa suna Invar, kuma ya jawo wa Guillaume lambar yabo ta Nobel a 1920.

Abubuwa masu ruwa-ruwa sun fi ƙarfe faɗaɗa sosai. A kan haka ne Daniel Fahrenheit ya ƙera ma'aunin zafi mai zaiba a 1714. Man fetur kan ƙaru da kusan lita 1 a cikin kowace lita 1,000 a duk digiri guda, wato tankar da ta ɗauko lita 33,000 za ta iya nuna ƙarin kimanin lita 300 idan man ya ƙara zafi da digiri 10. Saboda kauce wa gardama ne ake lissafin cinikin mai tsakanin ƙasashe a kan digiri 15. Amma shawarar nan da akan ba masu mota cewa su sha mai da sassafe ba ta da wani tasiri na a zo a gani, domin tankunan gidajen mai a binne suke a ƙasa, inda zafi ba ya sauyawa sosai tsakanin safe da rana.

Iska ce ta fi kowa. Idan kuma aka kulle ta inda ba za ta faɗaɗa ba, kamar cikin taya, sai matsinta ya ƙaru.

Inda ruwa ya saɓa

Daga tafasa zuwa sanyin randa, ruwa ba shi da bambanci da sauran abubuwa: yana hucewa yana tsukewa. Haka yake ci gaba har ya kai digiri 4. A nan ne lita guda ta ruwa ta fi nauyi, wato kimanin giram 1,000.

Daga digiri 4 zuwa sifili sai ya fara buɗewa kaɗan-kaɗan. Da zarar ya daskare kuwa, sai ya kumbura gaba ɗaya da kimanin kashi 9 cikin 100. Lita 10 ta ruwa takan zama kusan lita 11 ta ƙanƙara, kuma lita guda ta ƙanƙara nauyinta giram 917 ne kacal. Masu sayar da ƙanƙara sun san haka a aikace: ledar ruwa kan fito daga firiza a cike tam, kwalbar lemon da aka manta a ciki kuma a tarar ta fashe.

An daɗe ana muhawara a kan lamarin. Malaman da ke bin koyarwar Aristotle sun ɗauka ƙanƙara dunƙulallen ruwa ce, kuma faɗinta ne ke hana ta nutsewa. A 1612 Galileo ya musanta haka, yana mai cewa ƙanƙara tana yawo ne a kan ruwa saboda ta fi shi sakwa-sakwa. Bayan rasuwarsa, masu bincike a birnin Florence na Italiya suka riƙa cika ƙwallayen ƙarfe da ruwa, su toshe, su daskarar da su, ƙwallayen suna tsagewa. Sun wallafa sakamakon a 1667. A 1805 kuma Thomas Charles Hope na jami'ar Edinburgh ya nuna ta hanyar gwaji cewa ruwa ya fi nauyi ne a wajajen digiri 4.

Dalilin dai bai fito fili ba sai a ƙarni na 20, lokacin da aka fara leƙa tsarin ƙanƙara da hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi.

Kowace ƙwayar ruwa ta ƙunshi zarrar oksijin guda da na haidirojin biyu, a lanƙwashe kamar gwiwar hannu, da kusurwa mai digiri 104.5. Ɓangaren oksijin da ɓangaren haidirojin suna ɗauke da cajin lantarki masu kishiyantar juna, don haka haidirojin na wannan ƙwaya kan jawo oksijin na waccan. Masana na kiran wannan riƙo ɗaurin haidirojin.

A cikin ruwa mai gudana, wannan ɗauri yana ƙulluwa yana kwancewa sau biliyoyi a daƙiƙa guda, ƙwayoyin suna cuɗanya suna cusa kai duk inda suka sami sarari, kamar jama'a a ranar kasuwa. Idan sanyi ya kai sifili, ƙarfin motsinsu ba ya isa ya tsinke ɗaurin. Kowace ƙwaya sai ta riƙe maƙwabta huɗu, ba ƙari ba ragi, kowace a kusurwarta, kamar mutanen da suka miƙe hannuwa suka riƙe juna. Abin da ke fitowa shi ne saƙa mai zobba masu kusurwa shida, irin ta saƙar zuma, tsakiyar kowane zobe kuwa fanko ne. Wannan fankon shi ne ƙarin kashi taran.

Shi ne kuma ya sa kowane ƙwayar dusar ƙanƙara ke da rassa shida, abin da Johannes Kepler ya rubuta ɗan littafi a kansa tun 1611.

Batun digiri 4 kuwa, jayayya ce tsakanin abubuwa biyu. Sanyi yana rage motsi, yana matso da ƙwayoyin kusa. A lokaci guda kuma yana ba su damar fara jeruwa cikin buɗaɗɗen tsarin nan. Sama da digiri 4 na farkon ne ke rinjaye, ƙasa da haka na biyun.

Ba ruwa kaɗai ke da wannan hali ba, ko da yake masu shi ba su da yawa. Silikon da ake yin ƙwaƙwalwar kwamfuta da shi yana kumbura idan ya daskare, haka ma bismut da galiyom. Shi galiyom ƙarfe ne da ke narkewa a ƙasa da digiri 30, wato a tafin hannu ma zai narke, kuma ba a ajiye shi cikin kwalbar gilashi don kada ya fasa ta.

Amfani da ɓarna

A ƙasashe masu tsananin hunturu, ruwan saman tafki yakan yi sanyi ya yi nauyi ya nutse, na ƙasa ya taso, har sai tafkin duka ya kai digiri 4. Daga nan ruwan da ya fi haka sanyi ya fi sauƙi, sai ya tsaya a sama ya daskare a can. Ƙanƙarar sai ta zama marufi, tana kare ruwan da ke ƙasa daga sanyin iska. Tafkin Baikal na Rasha, wanda zurfinsa ya kai mita 1,642, yakan daskare daga Janairu zuwa Mayu, har motoci su bi ta kansa, alhali kifaye suna rayuwarsu a ƙarƙashi. Da ƙanƙara nutsewa take yi, da tafkuna sun riƙa daskarewa daga ƙasa zuwa sama, inda zafin rana ba zai kai gare ta ba.

Wannan ƙarancin bambancin nauyi ne kuma ke sa kusan kashi tara cikin goma na tsaunin ƙanƙarar da ke yawo a teku ya ɓuya a ƙarƙashin ruwa. Irinsa ne jirgin Titanic ya yi karo da shi a Afrilun 1912, mutane fiye da 1,500 suka halaka.

Idan ruwa ya daskare a inda babu wurin kumbura, matsin da yake haifarwa zai iya kaiwa ninki 2,000 na matsin iskar da ke kewaye da mutane. Yakan shiga tsagar dutse ko ta kwalta da rana, ya daskare da dare ya buɗa ta, har a kwana a tashi dutsen ya rabe, titin ya yi ramuka. A watan Fabrairun 2021, sanyin da ba a saba gani ba ya farfasa bututan ruwa a gidaje da dama a jihar Texas, miliyoyin mutane suka shiga matsalar ruwan sha. Sau da yawa bututun ba a inda ƙanƙarar take yake fashewa ba. Ƙanƙarar takan toshe hanya ta tura sauran ruwan zuwa ga famfon da ke rufe, matsin ya taru a tsakani. Shi ya sa akan shawarci mutane su bar famfo yana ɗiga a daren sanyi.

Haka abin yake a jikin tsiro da dabba. Tumatir ko alayyafon da ya daskare yakan yi laushi idan ya narke, domin ƙanƙara ta yayyaga ƙananan ɗakunan da ke riƙe da ruwansa. A shekarun 1920 Clarence Birdseye na Amurka ya gina sana'ar daskararren abinci a kan lura da cewa daskarewa cikin hanzari ƙananan ƙwayoyin ƙanƙara take haifarwa, waɗanda ɓarnarsu ba ta kai ta manya ba.

Ruwan teku

Gishiri yana sauya lissafin. Ruwan teku ba ya daskarewa sai a wajajen digiri 2 ƙasa da sifili, kuma ba shi da juyin nan na digiri 4: yana ƙara nauyi ne har ya daskare. Idan ya yi ɗumi kuwa, faɗaɗa yake yi kamar kowane abu.

Tekuna sun shanye kimanin kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin da ɗumamar yanayi ta tara a duniya. Kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi ya bayyana a rahotonsa na 2021 cewa ruwan teku ya ƙaru da kimanin santimita 20 tsakanin 1901 da 2018, kuma rabin ƙarin da aka samu daga 1971 zuwa 2018 faɗaɗar ruwan ce kawai ta haifar da shi. Mafi yawan sauran ya fito ne daga narkewar ƙanƙarar da ke kan tudu, a tsaunuka da Greenland da Antaktika.

Ita kuwa ƙanƙarar da ke yawo a kan teku, narkewarta ba ta ƙara tsawon ruwa sosai, domin tun tana daskare ta riga ta ture ruwa daidai nauyinta. Ana iya gwada haka da kofin ruwa da guntun ƙanƙara.

Biranen da ke dab da teku a kan ƙasa mai kwari, irin su Legas da Iskandariya da garuruwan kudancin Bangladesh, su ne ke kan gaba wajen fuskantar ambaliya da zaizayar gaɓa. Kwamitin ya kuma ce ko da an daina fitar da hayaƙin da ke ɗumama duniya, ruwan teku zai ci gaba da hauhawa na ɗaruruwan shekaru, saboda zafin da saman teku ya riga ya sha yana sauka ne zuwa ƙarƙashi sannu a hankali, kuma duk inda ya kai sai ruwan wurin ya faɗaɗa.